Yadda ake bin asalin kalmar "agriculture" daga Turanci zuwa Latin, har zuwa kakan harsunan Indiya da Turai

Bin asalin kalma yana da ƙa'idojinsa, kuma babbar ƙa'idar ita ce a raba aro da gado. Akwai kalmar da harshe ya karɓo daga maƙwabci jiya-jiya, akwai wadda ya taso da ita tun kaka da kakanni. Wanda ya cakuɗa biyun nan, duk abin da ya gina a kai zai rushe. Za mu ɗauki kalma ɗaya da kowane ɗan sakandare ya sani, "agriculture", wato aikin gona, mu bi ta mataki-mataki. Ta dace da gwaji saboda harɗaɗɗiya ce mai sassa biyu: sashe na farko mai sauƙin bi ne, na biyu kuwa sai an yi gumi.

Kayan aiki

Ƙamus uku kake buƙata, kowanne da aikinsa. Na farko ƙamus na Turanci mai ba da tarihi, wanda ke faɗin lokacin da aka fara ganin kalma a rubuce. Babban ƙamus na Oxford shi ne gaba a wannan fage. Na biyu ƙamus na Latin, harshen tsoffin Romawa, irin na Lewis da Short na 1879, wanda ake samu kyauta a intanet. Na uku ƙamus na saiwoyi: na Julius Pokorny na 1959, ko na Michiel de Vaan na 2008 wanda ya keɓanta da Latin da danginsa na Italiya. Na Pokorny ya tsufa, yana kuma da saurin haɗa kalmomin da ba lalle suna da dangantaka ba, don haka idan biyun suka saɓa, fara sauraron sabon.

Ka san yadda ake karanta alamomin tun da wuri. Harafin c a Latin ana furta shi k ne, ba kamar c na "ciki" ba. A Sanskirit kuwa, tsohon harshen Indiya, c ɗin da ake rubutawa da boko daidai yake da namu. Alamar kʷ sauti ɗaya ce, kamar kw na "kwando". Alamar ǵ tana kusa da gy na "gyaɗa". Tauraro a gaban kalma, kamar *kʷel-, yana nufin babu wanda ya taɓa ganin ta a rubuce. Masana ne suka gano ta ta hanyar kwatanta 'ya'yanta. Inda ka ga haruffa uku PIE a ƙamus, ana nufin wannan kakan harsuna da Latin da Girkanci da Sanskirit da Farisanci da Rashanci da Jamusanci da Turanci suka fito daga gare shi.

Mataki na 1: raba kalmar a gaɓar da ta dace

Kada ka raba da kunne, raba da hujja. Nemi wasu kalmomi da ke ɗauke da kowane sashe. "Culture" tana tsayawa da kanta, tana kuma bayyana a "horticulture" da "aquaculture". Abin da ya rage, "agri", yana da dangi a "agrarian". To rabon ya zama agri da culture. Ita "culture" ɗin ma tana sake rabuwa: cult, sai ɗafa-ƙeya -ure, wanda ke cikin "nature" da "picture" da "structure".

Mataki na 2: gano ƙofar da ta shigo Turanci

Ƙamus zai nuna maka cewa an fara ganin "agriculture" a rubutun Turanci a ƙarni na 15. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka ba gado ba ce, domin Turanci yana da rubutu tun ƙarnoni da dama kafin nan, kuma manoman Ingila ba su zauna suna jiran kalma ba. Suna da nasu irin "till" da "tilth". Ƙarshen kalmar ma shaida ne. Latin yana cewa -ura, Faransanci ne ya mai da shi -ure. Tun bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, kalmomin ilimi da shari'a da mulki sukan shigo Turanci sanye da rigar Faransanci, ko da marubucin kai tsaye ya ɗauko su daga littafin Latin.

Mataki na 3: mayar da kowane sashe ga siffarsa ta ƙamus a Latin

A nan ne masu koyo suka fi maƙalewa. Idan ka buɗe ƙamus na Latin kana neman "agri" ba za ka same ta a matsayin kan kalma ba. Sunayen Latin suna canja ƙarshe gwargwadon aikinsu a jimla. Kan kalmar ita ce "ager", gona ko fili. "Agrum" ita ce siffarta idan aiki ya faɗa mata, "agri" kuma siffar mallaka, wato "na gona". Aikin da -i ɗin ke yi shi ne aikin -n a "noman gero" ko -r a "gonar gero", sai dai Latin ya sa abin mallakar a gaba.

Ashe tun farko kalmomi biyu ne a rabe: "agri cultura", kula da gona. Haka Kato Babba, marubucin Roma wanda ake rubutawa Cato, ya sa wa littafinsa na aikin gona suna, De Agri Cultura, wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ne littafin zube na Latin mafi tsufa da ya iso mu cikakke. Yawan furta kalmomin biyu tare ya sa suka manne.

Akwai wani ƙaramin bambanci da ke raba gwani da ɗan koyo. A "agricultura", wasalin i dogo ne, saboda alamar mallaka ce. A "agricola", manomi, gajere ne, saboda wasalin haɗi ne kawai da Latin ke sawa tsakanin saiwoyi biyu. A ido iri ɗaya ne, a gini daban. Ƙamus mai kyau yana sa ɗan layi a kan dogon wasali; duba shi.

Sashe na biyu daga aikatau ya fito. Ƙamus na Latin yana ba yawancin aikatau siffofi huɗu, kuma dole ka kwafe su duka: colo, colere, colui, cultum. Wanda ya tsaya a ta farko ba zai gane inda "cult" ya fito ba. Daga ta huɗu ake gina suna da -ura, kamar yadda "scriptum" ta ba da "scriptura". Ma'anar "colere" tana da faɗi: noma ƙasa, zama a wuri, kula da abu, girmama abin bauta.

Mataki na 4: jera dangin "ager"

Daga nan babu sauran rubutu da za ka bi baya. Abin yi shi ne kwatance. Nemi kalma mai ma'ana kusa a tsofaffin harsunan dangin, kuma koyaushe ɗauki siffa mafi tsufa da aka rubuta, ba ta yau ba. Girkanci yana da "agros", gona ko karkara. Sanskirit yana da "ajra", fili shimfiɗaɗɗe. Harshen Gotawa, wanda aka fassara Littafi Mai Tsarki cikinsa a ƙarni na 4, yana da "akrs". Tsohon Turanci yana da "æcer", Jamusanci na yau "Acker".

Kamannin a bayyane yake, amma kamanni bai zama hujja ba sai kowane bambanci ya sami bayani. Bambance-bambance uku ne.

Na farko, me ya sa Latin da Girkanci ke da g, Turanci da Jamusanci ke da k? Amsar ita ce dokar Grimm. Rasmus Rask, mutumin Denmak, ya lura da tsarin a 1818, Jacob Grimm ya shimfiɗa shi a 1822. A reshen da Turanci da Jamusanci suka fito, baƙaƙe sun gusa gaba ɗaya: p ya zama f, t ya zama th, k ya zama h, d ya zama t, g ya zama k. Gwada da kanka: "pater" da "father", "tres" da "three", "centum" da "hundred", "decem" da "ten", "genu" da "knee". Saboda haka g na "ager" dole ya fito k a Turanci, kuma haka ya fito: "acre". Wannan ce kalmar da muka ara muka ce eka, ma'aunin da ya kai kusan murabba'in mita 4,047, wanda asalinsa filin da shanun huɗa biyu za su nome a yini guda. To ka ga Turanci yana riƙe da kalma ɗaya ta hanya biyu: "acre" gadonsa ce, "agri" kuwa aro daga Roma. Da "agri" gado ce, da g ɗinta bai tsira ba.

Na biyu, me ya sa Sanskirit ke da j? Kakan yana da g iri-iri. Wanda ake furtawa a gaban ganɗa, ǵ, ya zama j a Sanskirit, amma Latin da Girkanci suka haɗe shi da g na gama-gari. "Genu" ta Latin, gwiwa, a Sanskirit "janu" ce. Tsari ɗaya ne. Shi ya sa ba a cire Sanskirit daga jerin: shi kaɗai a nan ke nuna wane irin g ne.

Na uku, ina -os na Girkanci ya tafi a Latin? Tsohuwar siffar *agros ce. Latin yakan zubar da o a bayan r a irin wannan wuri, sai wasalin e ya shiga don a iya furtawa. Shi ya sa e ɗin ke ɓacewa a "agri" da "agrum": dama ba na asali ba ne.

Idan ka haɗa duka, Pokorny zai ba ka siffa mai farawa da a, sababbin littattafai kuma su rubuta *h₂éǵros. Kada h₂ ya tsorata ka. Masanin harshe Ferdinand de Saussure, yana ɗan shekara 21, ya yi hasashen cewa kakan yana da wasu sautuka da suka ɓace amma suka bar tabo a kan wasulan da ke kusa da su. Bayan Bedřich Hrozný ya warware rubutun Hittiyawa na ƙasar Turkiyya a 1915, Jerzy Kuryłowicz ya nuna a 1927 cewa sautin yana nan a rubuce a harshensu, a daidai wuraren da aka yi hasashe: inda Latin ke da "ante", gaba, Hittiyawa na da "hanti". Aikin h₂ shi ne rina e ya koma a. Siffar Pokorny da sabuwar abu ɗaya suke faɗi, mataki ne kawai ya bambanta.

Yawancin masana suna ƙara taku ɗaya: suna ɗaukar *h₂éǵros daga aikatau *h₂eǵ-, kora ko tuƙa, wanda ya ba Latin "agere" da Sanskirit "ajati". Bisa haka ma'anar farko ita ce inda ake kora dabbobi, wato makiyaya, daga baya ta koma gona. Sautukan sun dace sarai. Ma'anar kuwa fahimta ce mai ƙarfi, ba shaida ba, kuma haka ya kamata ka rubuta ta.

Mataki na 5: "colere", inda aikin yake

Idan ka nemi kalma mai farawa da kol- a sauran harsuna, za ka ɓata. Dabarar ita ce ka fara bincike a cikin Latin ɗin kansa, ka nemi ɗan uwan da ya riƙe tsohon sauti. Akwai "incola", mazauni. "Colonus", manomi mai zama a gona. "Colonia", matsugunin da Romawa suka kafa. Sai kuma "inquilinus", ɗan haya, mai zama a gidan wani. Ga shi nan: qu, wato kw. Wannan kalma ce ke tona asirin cewa "colo" ta taso daga *kʷelo. Wasalin e ya koma o a gaban irin l mai kauri, sannan w ya narke a gaban o. A "cultus" kuma o ya ƙara komawa u saboda baƙi ya biyo bayan l. A "inquilinus" wasalin da ya biyo baya i ne, don haka kw ya tsira.

Yanzu da *kʷel- a hannu, sai ka fita waje. Sanskirit: "carati", yana tafiya, yana yawo. Girkanci yana da wuya, domin kʷ ya rabu uku a can: p a gaban a ko o, t a gaban e ko i, k a kusa da u. Shi ya sa "polos", sandar da abu ke juyawa a kai, ta shiga dangin. Daga ita Turanci ya sami "pole" na ƙuryar duniya. Misalin da ya fi burge masu nazari shi ne na makiyaya biyu: mai kiwon awaki "aipolos", mai kiwon shanu "boukolos". Sashe na biyu ɗaya ne a duka, mai kewaya dabbobi, amma u na "bou" ya sa kʷ ya fito k a ɗaya, ya fito p a ɗayar.

Kakan yana da al'adar ninka farkon saiwa, abin da Bahaushe ba baƙo ba ne gare shi. Daga *kʷel-, juyawa, aka sami *kʷekʷlos, abin da ke ta juyawa. Girkanci ya mai da shi "kyklos", tushen "cycle" da "bicycle". Sanskirit ya ce "cakra". A reshen Turanci dokar Grimm ta mai da kʷ ya zama hw, irin hw da ake ji a bakin Basakkwace idan ya ce hwari; haka "quod" ta Latin ta dace da "what". Tsohon Turanci ya ce "hweol", yau "wheel". To "culture" da "cycle" da "wheel" tsatso ɗaya ne: ta farko ta biyo ta Latin, ta biyu ta Girkanci, ta uku ba ta taɓa barin gida ba.

Wannan kalma ta ƙafar keke tana da wani amfani. Tun da rassa masu nisa da juna sun gaje ta da sautukan da suka dace, masu magana da kakan sun san amalanke kafin su watse. Ba a sami shaidar amalanke a tone-tonen ƙasa ba sai wajen shekara ta 3500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wannan na cikin hujjojin da suka sa mafi yawan masana ke ajiye mutanen a filayen ciyawa na arewacin Baƙin Teku da Tekun Kasbiya, a ƙasashen Yukiren da kudancin Rasha na yau.

Mataki na 6: gina gadar ma'ana

Sauti ya dace, saura ma'ana. Yaya juyawa ta zama noma? Bi ta taku-taku, kowane taku da shaidarsa. Juyawa ta ba da kai-da-kawo a wuri ɗaya, kamar a "carati" da "boukolos". Mai kai-da-kawo a wuri shi ne mazauninsa: "incola". Mazauni shi ke kula da ƙasar: "agricola". Kulawa ta miƙe zuwa hidimar abin bauta: "cultus", inda "cult" ta fito. Sisero, marubucin Roma wanda ake rubutawa Cicero, ya ɗauki kalmar gona ya aza wa zuciya a shekara ta 45 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kira falsafa "cultura animi", noman rai. Daga wannan aron hoto ne "culture" ta kama hanyar zama tarbiyya da wayewa, har masanin al'adu Edward Tylor ya ba ta ma'anar al'adar al'umma gaba ɗaya a 1871. "Colonia" kuma ta bar sawunta a taswira: birnin Kolon na Jamus ya sami sunan a shekara ta 50 miladiyya, haka ma ƙarshen sunan Lincoln na Ingila.

Ita ma "ager" tana da ɗa da ba a zato. "Peregrinus" baƙo ne wanda ya ratso gonaki, daga "per" da "ager". Da yake r biyu a jere suna da nauyi a baki, na farko ya koma l, Turanci ya ƙare da "pilgrim", sunan da jaridun Turanci ke kiran alhazai da shi.

Mataki na 7: tace jerin, fitar da 'yan kutse

Kowane bincike yana tara kalmomin da suka shigo don kamanni kawai. "College", kwalejinmu, ba ta da alaƙa da "colere". Ta rabu ne a matsayin col da leg, kuma col ɗin nan "com" ne, tare, wanda ya saje da l. "Colonel", kanar, daga kalmar Italiyanci ta jerin sojoji ta fito, dangin "column", ba dangin "colony" ba. "Hectare" ta fi kowace yaudara tun da ma'aunin gona ce kamar eka, amma sassanta su ne "hekaton" na Girkanci, ɗari, da "area" ta Latin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka 2.47, dangantakarsu ta tsaya a lissafi. "Agronomy" kuwa 'yar dangi ce ta gaske, sai dai ta "agros" na Girkanci ta biyo, don haka kuskure ne a rubuta cewa daga Latin take.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne dokar sauti. "Have" ta Turanci da "habere" ta Latin suna kama a ido da ma'ana, amma h na Turanci daga k yake zuwa, saboda haka 'yar uwar "have" ita ce "capere", kamawa. "Bad" ta Turanci da "bad" ta Farisanci ma'anarsu ɗaya, harsunan ma dangi ne, duk da haka haɗuwar katari ce. Idan haka ta faru tsakanin dangi, ina ga na nesa? Hausa da Larabci suna cikin wani gida daban, na harsunan Afirka da Asiya, don haka daidaita "ard" ta Larabci da "earth" ba ya tsayuwa sai an kawo jerin kalmomi masu bin tsari ɗaya, ba guda ba. Inda ka ga kalmar Hausa ta dace da ta Latin, fara zargin aro ta hanyar Turanci ko Faransanci, kamar eka.

Mataki na 8: rubuta sakamako bisa matakin tabbas

Fara daga yau ka koma baya, layi ɗaya ga kowane zango: harshe, siffa, ma'ana, lokaci. Sa tauraro a kan duk abin da ba a gani a rubuce ba, kuma kada ka sa shi a kan abin da aka gani. Yi amfani da "daga" ga iyaye kawai, "ɗan uwan" ga na gefe. "Agriculture" daga "ager" take. "Acre" ba daga "ager" take ba, 'yar uwarta ce. Sanskirit kuma ba uban kowa ba ne a nan, duk da tsufansa. William Jones, Baturen Ingila masanin Sanskirit, a jawabinsa na Kalkata a 1786, cewa ya yi Sanskirit da Girkanci da Latin sun ɓuɓɓugo daga tushe ɗaya da wataƙila ya shuɗe.

Sannan ka raba shekarun sassa da shekarun haɗin. Saiwoyin *h₂éǵros da *kʷel- sun haura shekara dubu biyar, amma babu wata harɗaɗɗiyar kalma ta kakan da ta haɗa su. Romawa ne suka jera su, ƙarni na 15 ya kawo su Ingila. "Horticulture" ta fi nuna wannan: "hortus", lambu, tsohuwar kalma ce mai dangantaka da "yard" da "garden", amma a ƙarni na 17 aka ƙera haɗin bisa samfurin "agriculture", "aquaculture" kuma sai a ƙarni na 19. Ga irin waɗannan, layin farko na rubutunka zai ce an ƙera ta ne a zamanin baya daga kayan Latin, sa'an nan ka bi kowane sashe shi kaɗai daga mataki na 3.